Labun Kilishi da Shanu Biyu

A gidanmu na Sabon Birni aikin kilishi kashi biyu ne. Maigidana mahauci ne, shi ke yanka ya feɗe, ya zauna da wuƙa yana warware tsoka har ta koma fale-fale, in ka ɗaga ta kana hango rana ta ciki. Ni kuma labu ne nawa, wato ƙullun nan na tunkuzar gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki bayan ya sha shanyar farko, a sake shanya shi, sannan a gasa. Tuwona ba wani abin kirki ba ne, uwar mijina har ta koma ga Allah tana faɗa. Amma a labu ban san wadda ta fi ni ba a unguwar mahauta, kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen ɓoye cewa na san haka ba.

Citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono daidai misali, albasa a daka ta har ta yi ruwa, sai gishirin Balma da fatake ke shigowa da shi ta Nijar. Kowace mace a unguwar ta san waɗannan. Abin da ba su da shi haƙuri ne. Ni ina soya kanumfari sama-sama kafin in daka, kuma in na kwaɓa ƙullun sai in rufe shi ya huta, kayan su shiga juna, kafin nama ya taɓa shi. Har kaza in za a gasa a gidan biki, ni ake aiko wa in haɗa mata yaji. Wannan yabon ya shiga kaina sosai.

Sai fari ya zo, ya kuma maimaita. A shekara ta biyu gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye, gyaɗa kuwa ba a ma maganarta, har irin shuka an cinye. Abin da ya yi yawa shi ne nama. Fulani suna ta koro shanu kasuwa kafin su faɗi, maigidana ya wuni yana yanka, ya dawo ba ya son magana. Naman ba kitse ko na rantsuwa, in ka fasa ƙashi ɓargon ruwa ne tsululu. Mutane suna tauna nama suna mafarkin tuwo.

Maigidana yana da amini, Bafillace daga wajen Tsamaye, doguwar hulɗa ce tun iyayensu. Matarsa ƙawata ce, shekara da shekaru tana kawo mini nono da man shanu, mu zauna a zauren ciki ina zuba surutu tana murmushi. A da garkensu in ya taso sai ka ba shi hanya. A bazarar nan saura shanu uku. Sun bar Tsamaye sun bi ardonsu da jama'arsa sun sauka a bakin gulbi kusa da gari, don a nan in an haƙa yashi ana samun ɗan ruwa. Ardo ya yanke shawarar a tashi gaba ɗaya a yi kudu, inda aka ce akwai sauran ciyawa.

Tafiyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Saniyar da yunwa ta ci, in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, sai maza huɗu sun taru, wasu a ƙaho, wani a wutsiya, a zura sanda ƙarƙashin cikinta a ɗaga. A cikin ayari kowace safiya haka ake bi ana tayar da shanun juna. Rijiyoyin hanya kuma sun yi zurfi, guga sai da hannu da yawa. Duk wanda ayari ya tafi ya bari, shanunsa sun gama yawo. Na san wannan, kowa a garin ya sani.

Ranar Litinin ɗaya daga cikin shanu ukun ta kwanta, aka ɗaga ta aka ɗaga ta ƙi tsayuwa. Aminin ya aiko maigidana ya je ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ya ce a busar musu da naman ya zama guzuri, don ba su da ko ƙwayar hatsi, nono ya ƙafe, ga yara uku. Maigidana ya bar duk wani aiki ya zauna a kan naman nan. Rana a lokacin ba ta wasa, kafin azahar ɗin Talata ya bushe ƙarau a kan karan shanya.

Da la'asar ƙawata ta shigo. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta zauna a bakin tabarma, muka gaisa, ta dubi naman, ta dubi ƙasa.

"Ƙawa, ardo ya ce gobe in an yi asuba za a tashi," in ji ta.

Na ɗauko falle ɗaya na miƙa mata. "Taɓa ki ji. Ya bushe awa ƙirgi. Mi ɗiyanki za su tamna cikin wanga? Ba maiƙo, ba komi. Ki bari in samo gyaɗa in yi mishi labu, shi na abincin da za ya riƙe musu ciki. Kwana guda dai."

Ta juya fallen a hannunta, ta ce, "To."

Maganata ba ƙarya ba ce, har gobe ina nan a kanta, nama maras kitse ba ya riƙe yaro. Amma ba ita kaɗai ce a raina ba. Ina tunanin ayari guda na Fulani za su buɗe buhu a wani gari, a tambaya daga gidan wa wannan ya fito, a ce gidana, alhali nama ne tsirara kamar na wadda ba ta san hannunta ba. Kuma na ɗauka goben ardo irin goben da muka saba ce, wadda ke iya zama jibi ko gata.

Da ta tafi maigidana ya ce, "Ke, barbaɗa gishiri ki ba su abinsu su tahi."

"Kai ka san yanka, ni na san labu," na ce masa. "Na taɓa shiga maka aikin wuƙa?"

Bai iya jayayya da ni ba, bai taɓa iyawa ba. Ya saka takalmi ya tafi bakin gulbi ya tambayi amininsa ko zai iya jira kwana ɗaya. Ya dawo ya ce mini, "Ya ce ba komi." Mu biyun mun girma tare da Fulani. Mun san Bafillace yana iya kwana uku bai ci ba, ka miƙa masa ƙwarya ya ce ya ƙoshi. Mun san ba komi ɗinsu ba ta nufin komai sai kunya. Amma ita nake son ji, sai na karɓe ta hannu biyu.

Na bi gidajen masu ƙuli ɗaya bayan ɗaya. Tunkuza babu, turamen nasu har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Wata tsohuwa ta ce akwai wani farke da ke shigowa daga wajen Maraɗi ya wuce garin Isa da kaya, an gan shi da buhun ƙuli-ƙuli, ranar Laraba yake ratsa garinmu. In babu tunkuza ƙuli ma yana yi, a daka a jiƙa. Na ce shi ke nan, an gama.

Laraba da hantsi na ji mata a bakin rijiya suna cewa Fulanin bakin gulbi sun tashi. Sai na lallashi kaina da cewa ayarin shanu marasa ƙarfi ba ya sauri, ƙawata da mijinta za su cim musu a zango na biyu. Ban je na duba ba. Farken bai zo Laraba ba, bai zo Alhamis ba. Naman yana nan a ɗaki a jere, kowace safiya in fito da shi ya sha iska in mayar. Ba wanda ya zo daga bakin gulbi ya tambaya. Maigidana kullum tun da sassafe ake kiransa yanka, wannan ƙauye da wancan, in ya dawo ya dubi naman ya dube ni, ni kuma in ɗaure fuska. Tunda na riga na ja har aka kai nan, in na miƙa shi yanzu ba labu, to jiran na mene ne? Da wannan na yi ta rufe wa kaina baki.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci farken ya iso da jakuna biyu. Kaji biyu suka rage mini a gidan, na kama su na kai masa, ya auna mini ƙuli. Ya tsufa, ya yi tauri kamar tsakuwa, amma gyaɗa ce. Na daka shi har kafaɗuna suka riƙe, na tankaɗe, na jiƙa da ruwan da na tace sau biyu a ƙyalle don yashi. Na kwance ƙullin kayan yajina na ƙarshe, wanda nake ɓoyo tun bara. Da ƙamshin kanumfari ya tashi, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce an daɗe ba a ji wannan a unguwa ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Asabar na tsoma naman falle-falle, na shafe kowane lungu da hannuna, aka shanya, da yamma maigidana ya gasa a kan garwashi. Ban taɓa yin kilishi kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Lahadi da safe na ɗora buhun a kai na tafi da kaina, don ina son in ga fuskar ƙawata in ta ɗanɗana. Inda rugar take sai fili da toka da turakun da aka tuge, bukka ɗaya ce ta rage. Saniya ɗaya tana tsaye tana lasar ƙasa. Ɗayar tana kwance, aminin maigidana ya riƙe ƙahonta yana ja, ƙawata tana ɗaga wutsiya, saniyar tana kallonsu kawai. Tun Juma'a take kwance, su biyu suke ta fama.

Da ya gan ni ya saki ƙahon, ya gyara rigarsa, ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi maigida da gajiya. Ya karɓi buhun ya ce, "Allah shi saka, uwargida. Mun sa ki wahala."

Na koma gari da gudu na tattaro mahauta huɗu. Suka ɗaga ta, ta tsaya tana rawa, ta yi taku uku ta sake zubewa. Kafin azahar maigidana ya sa mata wuƙa, yana yi yana kau da kai daga amininsa.

Washegari aminin da ƙawata suka kama hanya da saniyar ƙarshe da yaran da buhuna. Ba su yi nisa da Gatawa ba ta kwanta, babu mai tayarwa, shi kuma ya kasa sa mata wuƙa, yana ta sa rai wasu za su biyo hanyar. Ta mutu mushe. Bayan kwana biyar suka dawo da ƙafa, muka ba su ɗakin soro suka zauna. Daga baya labari ya zo cewa ayarin ardo ya sha asara a hanya, amma ya isa, kuma waɗanda suka isa da shanu biyu ko uku su ne suka sake tayar da garke. Maigidana yakan ce mini wataƙila da sun bi ayarin ma shanun mutuwa za su yi, kwana ne ya ƙare. Wataƙila. Ni dai na san naman ya bushe tun azahar ɗin Talata.

Aminin nan nasa bai sake mallakar saniya ba. Ya koma ɗebo wa mutane ruwa a garwa, yana bi gida-gida, yana ratsa bayan gari don kada ya bi ta kara inda ake sayar da shanu. Bai taɓa canza mini fuska ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na so a ce ya tsaya a ƙofar gidana ya faɗa mini maganar da ta dace da ni.

Wata rana ina tsince dawar taimako da aka raba, ƙawata tana taya ni, na kasa haƙuri. Fushi nake yi, kuma da ita na yi shi, don ba ni da wani wurin kai shi.

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?" na ce. "Kin san ayari ba ya jira. Ki ce ƙawa ba ni namana, shi ke nan. Bakinki ciwo shikai?"

Ba ta daina tsintar ba. Ta fitar da wata 'yar tsakuwa ta ajiye a gefe.

"Ran Laraba da asuba na zo har ƙohwar gidanku," in ji ta. "Na ji kina ce ma maƙwabciyarki za ki ba da kajinki dominmu. Da wane baki za ni ce ki bari? Sai na koma."

Ta ɗago ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta yi, sai ta ji tausayina, ita da aka yi wa ɓarna.

"Ya yi daɗi kuwa, ƙawa," ta ce. "Shi ɗiyan sunka ci muna zaune muna jiran saniyar ƙarshe ta mutu."