Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Ba Tsoho Shawara

Ko zan manta komai na aikin da na yi a Funtuwa a ƙarshen shekarun tamanin, ba zan manta ranar da muka gwada manhajarmu a gaban jama'a ba.

Mu biyu ne masu kula da kwamfuta a wata ma'aikatar gona, ni da abokin aikina, wani Kirista ɗan Malumfashi. Manomi zai kawo ƙasar gonarsa a auna, mu shigar da sakamakon, na'ura ta buga masa shawarar takin da zai zuba. Maimakon mu rubuta wa kowane yanki manhajarsa daban, sai muka gina uwar manhaja guda, muka fitar da 'ya'ya uku daga jikinta: ta auduga don Funtuwa, ta masara don Tsiga da Dandume, ta rake da tumatir don fadamun Danja.

Tambaya guda ce ta hana mu sakat: idan awon da bai shiga hankali ba ya zo fa? Ni na ce uwar ta tsayar da aikin duka.

Ya ce, "Haba Malam, don mutum ɗaya ya yi tuntuɓe sai a tashi kasuwa? Uwa ta kama matsalar ta miƙa wa 'yar, ita ta san ƙasarta. Abin da yake daidai a fadama ai ƙarya ne a tudu."

Na yarda, muka gina ta haka.

Ranar gwaji zaure ya cika maƙil da manoma, janareta na ruri a waje, shugabanmu wani Alhaji ya sha babbar riga yana zaune da baƙi daga Katsina. Firinta ta fara ƙara, takardu na fitowa da Hausa, duk wanda aka kira sunansa sai tafi ya ɓarke. Ni kam ji nake kamar in tashi sama!

Da aka zo kan wani tsoho Bamaguje daga wajen Tsiga, sai ta buga layi biyu kacal: "Wannan awo ya wuce na gonar masara. A sake dubawa." Ta wuce kan na gaba abinta.

Alhaji ya taso ya raɗa mini, "Lalacewa ta yi? A gaban baƙi?"

Na ɗauki takardar ina neman inda kuskuren yake. Abokina kuwa idanunsa har ƙyalli suke. Ya ce, "Ranka ya daɗe, aikinta ta yi!" Ya juya wajen tsohon. "Baba, a cikin me ka kawo ƙasar?"

"A tsohon buhun da matata ke tara toka," in ji shi.

Zaure ya kwashe da dariya, har shi tsohon. Ashe toka ce ta gauraye da ƙasar, awo ya nuna gona ta ƙoshi. Da na'ura ta bi lambobin ido rufe, da ta ce masa kada ya zuba taki, ga damina a bakin ƙofa, masara kuwa ba ta yafe yunwa. Da kuma shawarata muka bi, da komai ya tsaya cak, sauran manoma su koma gida hannu rabbana.

Ban san lokacin da na rungume abokina muna tsalle kamar masu cin ƙwallo ba. Washegari aka je kan babur aka ɗebo sabuwar ƙasa a ƙwarya mai tsabta, awo ya nuna gonar na kukan taki. Da kaka tsohon ya zo ofis da buhun masara, ya nuna kwamfutar ya ce a ba "mai taurin kan nan" ta ci.

Tun ranar na gane cewa ba a sanin ingancin abin da ka gina sai ranar da abin da ba ka zata ba ya faɗo masa. Wanda ya iya cewa "ban gane wannan ba, a sake dubawa" ya fi mai amsa kowace tambaya amfani.