Tauraron da ya faɗi ta gabas

Ku ji abin da Kaka ta yi min yau!

Bayan asuba zan kai ta Damaturu a cire mata yanar ɗaya idon. Muna fitowa ƙofar gida sai tauraro ya tsaga sama, fuuu, ya faɗi ta gabas. Kaka ta zauna daɓas a dakali.

"Babba zai mutu, kuma can muka nufa. Ba inda za ni."

Direba ya ce, "Hajiya, aljanu ake jifa."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Na ce, "Kaka, bara ko wata ba kya gani. Da wane ido kika ga tauraron?"

Ta ce, "Wanda aka gyara."

Na ɗauki jakarta, na buɗe mata mota. Yanzu haka mun wuce Damagum.