Ɗigo Uku a Kwamfutar Baba Sale

Har gobe ban manta da ranar Litinin ɗin da na sauya wa kwamfutar Baba Sale fuska ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara, don in na tuna har yanzu raina ɓaci yake.

Lokacin ni ke kula da kwamfutoci a wata sakandare a wajen Malumfashi. Duk tsofaffi ne, sai na sa masu Linux, manhajar nan ta kyauta. Ita Linux kai kake zaɓar mata fuska, wato yadda allo zai tsaru da inda za ka danna ka buɗe abu. Akwai mai ƙyale-ƙyale: ga kyau, kuma kana rubuta sunan abin da kake nema za ta fiddo maka. Amma nauyi gare ta, kuma tana ɓoye kaya. Akwai kuma wadda ba ta da ado ko na anini, sai dai ba ta da nauyi, kuma inda ka ajiye abu nan za ka same shi. Ita na sa wa kowa.

Baba Sale shi ne mai buga mana takardu, mutumin Dayi. A kan tafireta ya tsufa, ga ido ya fara rauni. Bai karanta abin da ke allo, wuri yake ganewa. Farin ruwan nan na goge kuskure ya ɗauka ya yi ɗigo uku a bakin allon: nan buɗe takarda, nan adanawa, nan turawa firinta. Da ɗigo ukun nan yake buga jarrabawar makaranta kaf.

Sai aka turo mana sabon mataimakin shugaban makaranta. Ya leƙo ofis ya ce, “Malam Kabiru, wannan wace irin kwamfuta ce kamar ta zamanin da? Masu duba makarantu na zuwa jibi. A sa irin ta laftof ɗina.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, taka sabuwa ce. Wannan ba za ta ɗauka ba, kuma Baba ya saba.”

“Sabo ba aiki ba ne. A sauya.”

To ni ma gani na, wai masani! Maimakon in tsaya a kan gaskiyata sai na ce to. Ko shawara ban yi da Baba a kan maganar ba, ya tafi duba masararsa na sauya.

Ranar Laraba baƙi suka zo, mataimaki ya jawo su ofis yana washe baki. Ya ce Baba ya buga masu 'yar wasiƙa su gani. Baba ya kai hannu wajen ɗigon farko, babu komai. Ya danna, allo ya tsaya yana tunani. Ya sake dannawa, abubuwa suka watse. Dattijon nan ya cire tabarau ya goge.

A gaban baƙi mataimaki ya ce, “Kun ga matsalarmu. Tsofaffin da ba su son koyo. Sito za mu mayar da shi.”

Haba! Mutumin da ya haife ka? Kai ka kwashe masa kayan aiki, sannan ka ce bai iya ba? Amma me na ce? Shiru na yi kamar an ɗinke mani baki, kuma shirun nan ya fi komai ƙona mani rai.

Washegari da safe na mayar da tsohuwar fuskar. Minti biyu aikin ya ci. Na ce, “Baba, ka yafe mani. Ga kayanka sun dawo.”

Ya zauna, ya duba ɗigonsa, ya ce, “Yauwa, ɗan nan. Ga su.” Yatsunsa suka hau kibod kamar yadda suka saba. Firinta ta fiddo takarda, ya sa hannu, ya miƙo mani ya ce in kai wa mataimaki. Takardar ajiye aiki ce, babu kuskure ko na harafi ɗaya.

Don haka kafin ku taɓa kwamfutar wani, ku tambayi mai zama a gabanta, ba mai wucewa ta bakin ƙofa ba. In kuma babba ya ce a yi abin da kun san zai karya wani, ku buɗe baki tun da sauran amfani. Ni na buɗe nawa ranar Alhamis, Baba kuwa Laraba ya buƙace shi.