Dogon Gwangwanin Kunu

A shekarar da fari ya dawo mana, zamanin mulkin soja, ina makarantar horon malamai a Damagaram. Cikin darussanmu akwai na sanin yadda hankalin yara ke girma. Mushen da ke koyar da mu, wato malaminmu, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce ƙwaƙwalwar yaro a hankali take nuna, kuma akwai abin da ko ka wuni kana bayyana masa ba zai kama ba sai lokacinsa ya yi. Ya kawo kwalabe biyu, doguwa siririya da gajera mai faɗi, ya juye ruwa daga wannan zuwa waccan. Ya ce ƙaramin yaro zai rantse na doguwar ya fi yawa, don tsayi kawai idonsa ke bi. Ranar da yaro ya gane ruwan ɗaya ne, in ji shi, ranar murna ce ga malami.

Da hutu ya zo na tafi ƙauyenmu, wajen Hawandawaki. Rumbuna wayam. Mijin yayata ya tsallaka Katsina neman abin yi, ya bar ta da 'yarta mai shekara shida da jariri a goye. Jar dawar taimako ake ci, wadda kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa a raba a ƙofar maigari, sojoji na tsaye, ba mai bakin cewa tasa ta yi kaɗan.

Na lura a wani dogon gwangwani siriri ake zuba wa yarinyar kunu, alhali tana da ƙoƙonta. Na tambayi yayata dalili.

Ta ce, "Tun da na daina cika mata ƙoƙon take kuka. Rannan ina sauri na zuba a wannan, sai ta shanye ta tafi wasa. Ban ƙara ko ludayi ba."

Na ce, "Yaya, wannan fa mun karanta shi. Hankalinta ne bai kai ba tukun."

"To yaushe zai kai?"

"An ce wajen shekara bakwai. Wani ya yi sauri, wani ya daɗe."

Ta gyara goyonta, ta ce, "Allah ya sa kaka ta riga shi."

Kaka ba ta riga shi ba. Wata rana da hantsi ina zaune gindin bishiyar bedi, yarinyar na wasa kusa da ni da gwangwanin da ƙoƙon. Ta cika gwangwani da rairayi ta juye a ƙoƙo, ta duba, ta mayar. Ta sake, ta sake. Na san abin da nake kallo. Can ta ɗago kai.

"Kawu, ɗaya ne."

"Mene ne ɗaya?"

"Rairayin. Ko nan, ko nan."

Na so in ce mata ba haka ba ne, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Haka ne, 'yata."

Da la'asar uwar ta miƙa mata kunu kamar kullum. Ta karɓa, ta ɗauko ƙoƙonta, ta juye. Kunun ya kwanta a gindin ƙoƙo, ɗan kaɗan. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta shanye, ta suɗe, ta ce, "Inna, ke kin sha?"

"Na sha tun ɗazu."

Yarinyar ta tashi ta leƙa tukunya, ta dawo ta dubi ƙwaryar uwar da ke kife, busasshiya. Yayata ta ɗauki tulu ta fita, ko da yake akwai ruwa a randa.

Da muka koma makaranta mushe ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani wajen yara a lokacin hutu. Na ba da labarin. Sai mushe ya tambaye ni jaririn fa, yana samun nono? Na ce kaɗan. Ya ce jaririn ya fi ba shi tsoro, don yunwar shekarun farko har ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Yarinyar ta shiga lakwal, makarantar boko, bayan damina ta gyaru, kuma kanta ya ja. Ƙanen nata ya daɗe bai yi tafiya ba, magana ma sai daga baya, har yau a hankali yake yin ta. Bayan shekaru, da aka tura ni koyarwa wajen Issawane, na sami sa'o'insa cike da aji, na koyi jiran amsa ba tare da ɗaga murya ba.

Yayata kuwa, har Allah ya karɓi ranta, in an tada zancen wannan shekara sai ta miƙe ta nemi wani aiki.