Ranar da Na Ce wa Dodon Sama Albarka

Ni dai tun ina yaro aka san ni da shisshigi, kuma tsufa bai rage mini komai ba sai haƙora. Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, wata na manta, wata ina yi kamar na manta. Amma akwai guda ɗaya da ko na so mantawa mutanen gidana ba za su bari ba, wato lokacin da na kusa rusa daular jikata a sararin samaniya, alhali ina zaune a kan tabarma a zauren gidana a nan Potiskum.

Sana'ata dillancin shanu ce, a kasuwar shanu na girma, a nan na yi furfura. Boko kuwa leƙawa kawai na yi na gudo, shi ya sa in kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi haƙuri. Abin da na iya shi ne ciniki, kuma dokar farko da aka koya mini ita ce, tayin farko ba a karɓarsa. Mutum ya taya, ka ce albarka. Ya ƙara, ka ce albarka. Kai dai kada ka kalli bakinsa, kalli ƙafarsa. In yatsun ƙafarsa suna fuskantar bijimin, yana nan, ja shi. In suka juya wajen ƙofa, to ya gama, yi maza ka sallama. Matsalar ita ce halin nan ya biyo ni har gida. In uwargidana ta ce in je asibiti, sai in ce sai gobe. In ta ce hular nan ba ta dace da rigar ba, ranar ita zan sa. Ta daɗe da haƙura da ni.

To akwai jikata, 'yar babban ɗana, wadda ta gama karatun kwamfuta ta dawo tana zaune a wurinmu, aiki bai samu ba. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsohon ango. Wata rana na same ta ta ƙura wa kwamfutarta ido, fuskar na'urar baƙi ƙirin, da ɗige-ɗigen haske kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

Na ce, “Amarya, wannan kuma wane irin fim ne da ba kowa a ciki?”

Ta ce, “Ba fim ba ne, Kaka. Daulata ce.”

Nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wasa ne na kwamfuta da wasu mutane suke haɗawa a wata ƙasa, bai ma fito kasuwa ba tukuna. Sun zaɓi matasa daga wurare daban-daban su gwada musu shi, ita ma ta nema ta dace. Kowa an ba shi duniya guda a can cikin taurari, sai ya haƙo ƙarfe, ya ƙera jirage, ya je ya kama wasu duniyoyin, ya yi zumunci da maƙwabta ko ya yi yaƙi da su. Sharaɗin shi ne, wanda daularsa ta rayu har ƙarshen gwajin za a sake kiransa, kuma wannan na biyun aiki ne sosai, da albashinsa. Wanda aka share daularsa kuwa, ko ya yi fashin wasa, ya fita ke nan. Kuma abin da ka danna ya dannu, ba a komawa baya.

Daga ranar na zama ɗan kallo. Kullum bayan la'asar ina gefenta ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Ta nuna mini maƙwabcinta na gabas, wata halitta koriya mai ido huɗu, da wasu abubuwa suna reto a haɓarta kamar saiwar rogo. Ta ce ba mutum ba ne a bayansa, na'urar ce da kanta, kuma ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, lallaɓa shi take yi. Ni na sa masa suna Dodo. Ta kuma nuna mini inda ake ciniki da shi: kayanka a hagu, nasa a dama, duk da hotunansu. In ka yarda ka danna kore, in ka ƙi ka danna ja. Da na ga haka na ce a raina, ashe har sama ana dillanci.

Ana cikin haka sai bikin ƙawarta ya taso a wani ƙauye can bayan Damagum, inda ko kiran waya sai an hau tudu. Ita ce babbar ƙawa, ba halin ta ƙi zuwa, kuma ba halin wasan ya tsaya. Ta rasa wanda za ta bar wa sai ni. Ta kama yatsana kamar mai koya wa yaro alif, ta ɗora a kan wani maɓalli shuɗi.

“Kaka, wannan kawai. Da safe ka danna, da yamma ka danna. Kowace dannawa shekaru ne suke wucewa a can, na riga na tsara komai. In wani abu ya fito, kada ka taɓa, zai jira ni.”

Na ce, “Haba amarya, ni da nake riƙe amanar garke guda?”

Uwargida tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Uhm.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Safiyar farko na danna shuɗi lafiya lau. Da yamma sai ga abokina ya zo hira. Bafulatani ne, mun daɗe tare a kasuwa, ya bar daji ya zauna gari amma har yanzu da sandarsa yake yawo. Ni kuwa Babarbare ne, kun san abin da ke tsakaninmu, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya ga kwamfuta a gabana ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Wa ya ba Babarbare wannan? Ka san ta inda ake kunna ta kuwa?”

Don in nuna masa, na danna shuɗi da isa. Sai ga Dodo ya fito, ido huɗu a kaina. A hagu hoton wata busasshiyar duniya ta jikata da ke kan iyaka, a dama tulin ganguna na man da jirage suke sha, da hoton hannu biyu suna musafaha. Ko makaho ya san tayi ne.

Wallahi na tuna maganar yarinyar. Amma ga Bafulatani yana kallona, ga tayin farko a gabana tsirara. Yatsana bai ma yi shawara da ni ba. Na ce, “Albarka!” na danna ja.

Abokina ya ce, “Kai, an ce ka taɓa?”

Na ce, “Zauna ka ga aiki.”

Washegari da safe na danna shuɗi, sai ga Dodo ya dawo, gangunan sun ƙaru. Jama'a, ku zo ku ga yadda kaina ya kumbura. Na aika aka kira mini abokina tun bai karya ba, na nuna masa. Na ce, “Ka gani? Duniyar nan akwai abin da ya hango a cikinta. Mai saye ko na sama ne, mai saye ne.” Na sake danna ja. Da yamma Dodo ya dawo, ya ɗora wani jirgi a kan gangunan. Ina ta lissafin yadda amarya za ta dawo ta tarar na ninka mata dukiya, har ina tunanin la'adar da zan nema, ko da kwanon fura ne.

Abokina ya matso ya leƙa, ya ce, “Babarbare, sallama haka nan. Ya kai.”

Na ce, “Da sauransa.”

Ya ce, “Da me ka gane? Ina ƙafarsa?”

Sai a lokacin na lura. Hoton Dodo daga ƙirji ya tsaya. Ba ƙafa, ba yatsu, kuma idanun nan huɗu yadda suke jiya haka suke yau. Duk ilimin da na tara a kasuwa a ƙafar mutane yake, ga shi an kawo mini mai saye ba ƙafa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa don kada Bafulatani ya ce shi ya koya mini ciniki, na sake danna ja.

Da gari ya waye na danna shuɗi, Dodo bai fito ba. Abin da ya fito wasu jajayen ɗigo ne daga gabas, da yawa, kamar tururuwa ta ga sukari. Busasshiyar duniyar nan da na hana shi da kuɗinsa, ya ɗauke ta kyauta, ya haɗa da na kusa da ita. Na kira lambar jikata, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga. In ban danna shuɗi ba an cire ta, in na danna Dodo ya ƙara ci. Haka na riƙa dannawa ina salati, launin daularta yana tsukewa kamar tafki a bazara. Tuwo ma na kasa ci. Uwargida ta tambaye ni lafiya, na ce mata ciwon kai ne. Ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta ɗauke kwanonta.

Ranar da za ta dawo, da la'asar, saura duniya ɗaya tak, wadda aka fara ba ta, jajayen ɗigon sun kewaye ta. Sai ga Dodo ya bayyana. Wannan karon ba ganguna, ba jirgi. Tutar jikata ce a ƙarƙashin tasa, ga tulin ƙarfe a hagu da kibiya tana nuna wajensa, dama kuwa wayam.

Na ce, “Wannan wane irin ciniki ne? Ya karɓa bai ba da komai ba?”

Abokina da ke gefena ya gyara zama, ya ce, “Wannan ba ciniki ba ne. Jangali ne. Mu Fulani ko a sama aka kai shi za mu gane shi. Cewa yake ku zauna a ƙarƙashinsa kuna biya, ya bar ku da ranku.”

“Ni in biya jangali? Ni?”

“To ka ce masa albarka mana. Ai ka iya.”

Na zauna ina kallon maɓallan nan biyu. Lokacin danna shuɗi yana matsowa, kuma na san in na wuce ban ba shi amsa ba, jiragen nan ba gaisuwa suka zo yi ba. Tunda nake ban taɓa karɓar ciniki mai muni irin wannan ba. Zuciyata tana ce mini ai in ka ƙi zai rage. Sai na tuna yarinyar nan yadda take zama tun safe tana ƙirga jiragenta ɗaya-ɗaya, da yadda ta ce mini in ta samu aikin nan ba za ta ƙara roƙon babanta kuɗin kati ba. Daular ba tawa ba ce. Girman kan ne kawai nawa.

Na ɗaga kai sai na ga uwargida a bakin ƙofar zaure, ta harɗe hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Na ce da ƙarfi, kamar Dodo yana jina, “Na yarda! Na sallama!” Na danna kore, na danna shuɗi, na rufe ido.

Da na buɗe, jajayen ɗigon sun fara komawa gabas. 'Yar duniyar nan tana nan, ita kaɗai, tana ƙyalli.

Kafin magariba jikata ta shigo da lallenta da ƙullin kayan biki. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi kwamfuta. Na riga na shirya zan ce wuta ce ta ɗauke, amma kafin in buɗe baki Bafulatani ya ce, “'Yata, angonki ya sayar da ke ga Dodo, kuma ko la'ada bai samu ba.”

Ta ƙura wa na'urar ido. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo. Can ta ce, “Kaka, ina duniyoyina?”

Na ba ta labari tiryan-tiryan, ban rage ba. Da na zo wurin ƙafa, sai ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya hawaye na zuba. Ta ce, “Ƙafarsa kake nema? Kaka, ai ba a zana masa ƙafa ba!” Sannan ta share fuska ta ce, “Da ka danna ja a na ƙarshen nan, da shi ke nan. Tunda muna da rai, zan iya.”

Ta kuwa iya. Ba ta dawo da ko rabin abin da na zubar ba, a ƙarƙashin Dodo ta ƙarasa gwajin, tana biyan jangali tana hararata. Amma ta kai ƙarshe, kuma sun sake kiranta. Yanzu haka aikin take yi, wasan kuwa har yau an ce yana nan tafe. Ta yi mini alkawarin in ya fito za ta buɗe mini daula tawa ni kaɗai, in je in yi ta faɗa da wanda na ga dama. Kwamfutarta dai ko gogewa ba ta bari in yi.

Abin da na koya shi ne, wayon da mutum ya ci abinci da shi a wuri ɗaya ba ko'ina yake aiki ba, kuma in kayan ba naka ba ne, taurin kanka ma ajiye shi ake yi. Na so a ce a nan maganar ta tsaya. Amma a yammacin nan, bayan kowa ya watse, uwargida ta kawo mini tuwo ta ajiye, na kuwa ja kwano ba musu. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, “Malam, tun ina da ƙuruciyata nake jiran in ji ka ce na yarda a gidan nan. Ashe jirage ne ba ni da su.”

Na sunkuyar da kai na ci tuwona.