Ruwan da Kakana Ya Hana

Ran nan ina tsaye bakin makarantar da nake koyarwa a Gummi, sai garken kirinjijiya ya wuce ta sama yana fito. Yaran ko kai ba su ɗaga ba. Ni kuwa na bi su da kallo har suka ɓace, don kukan nan na ƙauyenmu ne.

In ba ka san yankinmu ba, bari in kwatanta maka. Bayan ƙauyenmu akwai inda gulbi yake karkatowa ya shigo fadama kamar hannun riga. Wutsiya muke kiran wurin. Da damina ruwa yakan cika ta har gindin giginya. In ruwa ya ɗauke, gulbi ya janye ya bar ta da nata, bado ya rufe fuskarta. Nan tarwaɗa da karfasa suke zuba ƙwai. Akwai dinya, akwai zalɓe, akwai gauraka, da wani tsohon kada mai shan hantsi a kan yashi, wanda bai taɓa taɓa kowa ba.

Kakana ne sarkin ruwa, gado daga mahaifinsa. An ce a wata tsohuwar yunwa kifin Wutsiya ne ya riƙe gari, shi ya sa magabata suka sa mata doka. Ba ƙugiya, ba koma, ba harbin tsuntsu, sai bazara in sarkin ruwa ya buɗe ta a yi su, wato kamun kifi na gayya, rana guda. Shanun maƙwabtanmu Fulani kuwa suna da nasu mashayi ta gabas.

Ina firamare aka fara zancen zinare. Baffana, ƙanen mahaifina, ya dawo daga daji da buhunan dutse a kan babur. Mutum ne mai fara'a, gonarsa ta ƙi yi masa, ga ɗansa na fari yana rarrafe. Ya sami Kakana a zaure ya durƙusa.

"Baba, wuri kaɗan nika so, can gefe, in wanke ƙasar ga."

"Ruwan ga ba nawa na ba, balle in ba ka. Shanu na sha, mutane na sha. Kuma ban san abin da ke cikin ƙasar ga ba."

"Ashe kifi ya fi ni gare ka?"



Sai Baffa ya kai aikin sashensa. Ana daka dutse a turmi, ana wanki a daro da ruwan rijiya. Na tuna wata ƙura mai laushi da take kwanciya a kan tabarma da bakin randa, da yaron nan yana bin ƙasa, yana kai hannu baki yana dariya. Babu wanda ya ga laifi. Ƙasa ce, mu ma cikinta muka tashi.

Da zafi ya tsananta yaron ya fara amai, sannan jijjiga. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Kafin likitoci su iso yankinmu su ce gubar dalma ce, an riga an kai shi makwancinsa. Ba shi kaɗai ba ne, a Yargalma da wasu garuruwan abin ya fi namu muni.

Bayan sadakar uku Kakana ya daina zama zaure. Kullum yana bakin Wutsiya. Wata rana Inna, mahaifiyata, ta ɗauki fura ta kai masa, na bi ta. Ba da mu yake magana ba da ya ce, "Na tsare kifi, ban tsare jikana ba."

Inna ta ce, "Baba, da an wanke ƙasar a nan, ɗiyan gari duka za su sha."

Ya ce, "Na sani. Sanin bai rage komi ba."

Shi da Baffa sai gaisuwa kawai, har shekara ta zagayo. Ranar su, gari ya taru da gorunan iyo da homar kama kifi, amma ƙafafun Kakana suka ƙi ɗaukarsa zuwa bakin ruwa. Mutane suka yi cirko-cirko. Sai Baffa ya fito daga cikin taro, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa, suka gangara tare a hankali har ruwa ya taɓa idon sawunsu. Kakana ya yi bisimilla, ya miƙa masa gorarsa.

Yau Wutsiya ta tsuke. Injinan ban ruwa suna zuƙarta, shinkafa ta matso har bakinta, kadan nan ya ɓace, kuma saboda halin tsaro an daɗe ba a yi su ba. Kakana ya rasu. Baffa, da furfurarsa, shi ke korar masu zuba maganin ƙwari don kama kifi, ana yi masa kallon mai taurin kai.

Zuwana na ƙarshe na tambaye shi ko bai gaji ba. Ya nuna mini wasu yara suna iyo a gefe, suna watsa wa juna ruwa.

"Dube su," in ji shi. "Su shiga, su fito, su koma wurin uwayensu lafiya. Bar ni da wannan."