Hoton da Ya Raba Almakashi da Ƙanin Matarsa

Almakashi kowa ke ce masa, har jikokinsa in sun ga ba ya kusa. Mai zanen taswira ne a ofishin safiyo, aikin da ya kama tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Aikin ya bar masa ciwo guda: ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. In ya shiga gidan mutane ya tarar agogon bango ya ɗan jirkice, sai ya miƙe ya gyara shi kafin ya amsa gaisuwa.

Da ya yi ritaya sai ya sayi kyamara mai dogon hanci, ya rataya a wuya ya shiga gari. Benaye yake ɗauka, da matakala, da turakun wutar lantarki. Mutane kuwa bai taɓa ɗauka ba, ko matarsa. Ya ce mutum ba ya tsayawa inda ka ajiye shi.

Akwai wasu masu sha'awar hoto da ke haɗuwa duk Asabar da yamma a ɗakin baya na wani shagon wankin hoto. Ɗakin ƙarami ne, kujerun roba da fanka mai ƙara, sai igiya da aka ja daga bango zuwa bango. Kowa ya rataya abin da ya ɗauko a makon, a duba a faɗi ra'ayi. A nan ya samu sunansa, domin da ɗan almakashi yake zuwa a aljihun gaba. Sai ya ciro hoton mutum daga igiya, ya ce, "Nan ya kamata ya ƙare," ya datse gefe a gaban mai shi.

Bakinsa ma ya fi ƙarfen kaifi. Wata malamar jinya ta kawo hoton faɗuwar rana, ya matso da tabarau ya ce, "Sista, wannan rana ce, ko ƙwai ne ya fashe miki a kasko?" Ba ta sake dawowa ba. Tela, mutum mai haƙuri da ke ɗaukar kyanwarsa kullum, shi kam ya saba. Abin da ya fi ba su haushi shi ne sau da yawa gaskiya yake faɗi. Ana fita ana tsine masa, a dawo mako mai zuwa hoto ya miƙe.

Ana haka ƙanin matarsa ya shigo ƙungiyar. Mai Kemis ake ce masa, don shagon magani yake da shi a bakin titi. Dama can ba sa ga maciji, tun ranar da Almakashi ya ce allon shagon a karkace yake kamar mai shi. Ga shi kuma da waya yake ɗaukar nasa hotunan.

"Waya ta kira ce," in ji Almakashi. "In kana son hoto ka sayi kyamara."

"Yaya, ai taka kyamarar ta gaji da kallon siminti," in ji Mai Kemis. "Ka nuna mata fuskar mutum ko sau ɗaya, ko ta samu lafiya."

Haka suka yi ta yi, kowace Asabar da irin tata baƙar maganar, har ciwo ya kwantar da matar Almakashi. Ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, aka kwashe ta sai asibiti. Almakashi ya tare a can. Ba a barin maza su daɗe a ɗakin mata, don haka a bencin baranda yake wuni, takalmanta na roba a kan cinyarsa, tun ranar da aka cire mata su bai san inda zai ajiye ba. Allah ya ba ta sauƙi, ta dawo gida tana jan ƙafa.

Asabar ɗin farko da ya koma ɗakin baya, sai ya tarar an yi cirko-cirko a gaban igiya. Ya ture Tela ya matso. Hoton shi kansa ne a rataye, a barandar asibiti. Ga shi a kan benci, hula ta zame, baki a ɗan buɗe, takalman a rungume a ƙirji, hasken taga ya kama ruwan da ke gangarowa a kumatunsa. Bai ma san ya yi kuka ba a ranar.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni ne, Yaya," in ji Mai Kemis. "To, a ina ya kamata ya ƙare?"

Almakashi ya so ya ce benci ya karkace, ya so ya ce haske ya yi yawa a hagu. Ya duba, ya sake dubawa, babu abin yankewa. Wannan ne ya fi komai ƙona masa rai.

"Yayarka tana ciki ba a san ko za ta tashi ba," ya ce, "kai kana laɓe a bayan ginshiƙi kana ɗaukar mijinta? Ɓarawo ma ya fi ka kunya."

"Kai da ka yanka hoton kowa a ɗakin nan, yau don an taɓa naka..."

Bai ƙarasa ba Almakashi ya fizge hoton ya raba shi biyu, ya shaƙo wuyan rigarsa. Igiya ta tsinke, hotunan mutane suka zube ana tattaka su. Mai shagon hoton ya shigo da gudu, ya kore su duka biyun, ya ce shagonsa ba filin dambe ba ne.

Daga ranar ya hana Mai Kemis taka masa ƙofar gida. Matar ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Malam, ni hoton ya yi mini kyau. Da ban gani ba, ina zan san ka iya kuka?" Ya yi kwana biyu bai ci abincinta ba.

Sai ya ƙudura ramuwa. Ya samu wuri a shagon aski da ke kallon kemis, ya zauna bayan labule da kyamararsa kamar maharbi. Makonni ya yi yana jiran abin kunya, kuma ya samu. Ya kama Mai Kemis yana gyangyaɗi, yawu na zuba a kan kanta. Ya kama shi yana sakace da murfin biro. Ya kama shi yana tsalle, tumbi a gaba, ɓera ya fito masa daga kwali.

Ya kai hotunan shagon wankin hoto. Mai shagon ya jera su a kan teburi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, tunda nake wanke maka hoto ba ka taɓa kawo masu rai kamar waɗannan ba."

"Ba yabo na zo nema ba. Ka rataya su."

Aka ƙulla igiya aka rataya. Labari ya kai wa Mai Kemis, ya zo har da sabuwar riga. Ya tsaya gaban na ɓeran yana dariya har da riƙe ciki, ya ce a wanke masa babba zai sa a shagonsa, abokan ciniki su ga aikin mijin yayarsa. Almakashi ya koma gida kamar zai fashe.

Mai shagon ya bar su sun dawo, bisa sharaɗin ba mai taɓa hoton wani da hannu. Har yau ba sa gaisawa. Ɗaya ya zauna a bakin ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin fanka, Tela a tsakiya yana kai saƙo.

"Tela, gaya masa kan yaron da ke hotonsa ya yanke," in ji Almakashi.

"Tela, gaya masa na ji, kuma da gangan ne."

Matar kuwa ta ce ita Asabar ce ranar hutunta. Da zarar mijin ya rataya kyamara ya fita, sai ta jawo kujera bakin taga, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta kira ƙaninta a waya ta ce, "Ga shi nan tafe, kuma yau a fusace yake."